Bokitin Zdenka

Shekara talatin ina tuƙa motar madara
a hanyar da ta raba daji da tafki,
can gindin duwatsun Sloveniya.
Duk watan Maris, in ƙanƙara ta saki ƙasa,
ruwan farko ya sauko da ɗumi-ɗumi,
nakan ji wani ɓas-ɓas ƙarƙashin taya,
sai in ƙara wa rediyo murya.
Madara ba ta jiran kowa.

Sai daren da fitilata ta hasko wata tsohuwa
tsugune a tsakiyar kwalta,
bokiti a hagu, tocila a baki.
Na taka birki har tuluna suka yi cacar baki a baya.
Na leƙo zan zazzage mata kwandon masifa,
ta zare tocilar ta ce,
“Bojan, ɗari huɗu da sha ɗaya jiya.
Da safe na ƙirga su, manne da titi kamar tsumma.”

Zdenka ce, wadda ta koya mini lissafi a aji uku.
Har gobe ban iya yi mata musu ba.

Ta ce tafkin nan ya riga kwalta zuwa duniya.
Cikinsa aka ƙyanƙyashe su, cikinsa za su zuba ƙwai,
kuma ranar da aka shimfiɗa tsakuwa
ba wanda ya nemi shawarar kwaɗo.
Ta ɗora mini ɗaya a tafin hannu.
Sanyi ƙalau, fata kamar bayan tsohuwar ƙwarya,
maƙogwaro na harbawa da sauri-sauri.
Mace ce, goye da mijinta, ragon banza.
Ta dube ni da ido ruwan zinariya,
ta tsula mini fitsari.
Godiyar da na samu ke nan, ta kuwa ishe ni.

Mu biyu muka fara. Muka zama bakwai.
Milka mai gidan burodi, tagwayen Anžej,
wani makaniki da ba ya gaisawa da kowa
amma yana yi wa kwaɗi magana ƙasa-ƙasa.
Muka kafa shingen leda iya gwiwa,
muka binne bokitai a gindinsa,
muna kwasa, muna tsallakarwa, har asuba,
yatsu sun ƙage, hanci na zuba.
Wani ya bi dare ya yanka shingen da wuƙa.
Muka ɗinke. Ya sake. Muka sake.
Shi ya fara gajiya.

Ranar da muka je majalisar gari,
shugaba ya yi dariya har da riƙe ciki:
“Kwaɗo na biyan haraji? Yana jefa ƙuri’a?”
Zdenka ta dire littafinta a kan teburi,
shafi-shafi na matattu, dare bayan dare,
da sa hannun mutum ɗari shida a ƙarshe.
Ta ce, “Waɗannan suna yi.”

Sai da muka yi damina uku muna sintiri.
Ramin da muka roƙa a ƙarƙashin titi, an ce ba kuɗi.
Amma an ba mu dare ashirin:
daga faɗuwar rana a tare hanya da sanda.
Ni ma yanzu zagaye nake yi,
kilomita sha ɗaya, ina ƙunƙuni, ina biyan mai.
Akwai masu zaginmu a shago har yau.

Bana gwiwoyinta sun ƙi.
Tana zaune a taga da bargo da fensir,
in gari ya waye in buga mata waya.
“Dubu biyu da ɗari shida da uku, Malama.”
Shiru. Ina jin fensir na tafiya.
“Sake ƙirgawa,” in ji ta,
“kai da ka taɓa ce mini bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne.”

Ban ce komai ba.
Na miƙa wayar wajen tafki,
na bar su su yi mata bayani da kansu.